Yadda za ka zaga Birnin Damagaram ka ga aikin azara

Baƙi da yawa idan sun zo Zinder, wato Damagaram, a ƙofar fadar sarki suke tsayawa, su ɗauki hoton zanen bango, su juya. Ni duk wanda na raka Birni, tsohuwar unguwar da fada take ciki, sai na sa ya shiga zaure ya ɗaga kai, domin gwanintar magina a rufi take.

Ka zo da hunturu, ka kuma yi sammako. Da bazara, hantsi na yi duwatsun Birni sun ɗau zafi, yawon ba ya daɗi. Ka hau kabu-kabu ya sauke ka a fada, sauran tafiyar da ƙafa ce, lungunan ƙanana ne. Riƙo ruwan shanka, ruwa na wuya a garinmu.

Da dogarai za ka fara. Ka gaishe su a natse, ka faɗi abin da ya kawo ka, su ne za su nuna maka inda ake shiga da inda ba a shiga. In aka ce ka tuɓe takalmi, ka tuɓe. Idan Allah ya sa ka tarar da wani basarake, ka rusuna ka ce ranka ya daɗe. Kada ka ɗaga waya kan kowa sai ka nemi izini. Mai yi maka jagora kuwa, ku daidaita kan alherinsa tun kafin ku tashi.

To, ga abin da za ka duba. Azara itacen giginya ce da ake tsagawa, tana da tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma ba ta haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai ta lanƙwashe saboda nauyin ƙasar da ke bisanta. Shi ya sa magina suke kafa guntayenta cikin bango, wannan ya ɗan zarce wancan, ana ɗaure su ana lulluɓewa da laka, har na hagu da na dama su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. Tsaya ƙarƙashinsa ka bi shi da ido tun daga gindi. Tsakanin baka da baka za ka ga ƴan azarori jere kamar saƙar tabarma, wasu sun yi baƙi ƙirin don tsufa. Kada ka ƙwaƙule su da farce, kada kuma ka jingina da bangon da ya tsage.

Daga nan ka nemi ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19. Zinder ce babban birnin ƙasar Nijar kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926, don haka za ka riƙa cin karo da ginin Turawa a hanya.

Gidajen Birni da mutane a ciki. Ka yi sallama, ka tsaya a zaure, cikin gida na iyali ne. Idan ka sami dattijo a ƙofa, ka ce: "Baba, wa ya yi wannan rufin, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe?" Abin da ke ci mini rai shi ne yawan gidajen da suka koma kwano da siminti, ga giginya tana ƙaranci, masu iya ɗaurin bakan gizo kuma suna tsufa. In da sauran ƙarfi a jikinka, ka wuce unguwar Zango da la'asar, can ma akwai tsofaffin gidajen fatake masu zane.