Kurakuran da sababbin manoma ke yi wa gona lokacin sassabe

Duk bazara sai na ga samari sun dawo daga birni sun karɓi gonar gado, abu na farko su kirawo 'yan ƙwadago a share ta fes kamar filin idi. Na faɗa da baki har na gaji, bari in rubuta.

Mafi muni shi ne sare gawo da tone kututture. Ni ma na tafka shi, kuma na sha wuya. Shekarar da Baba ya rasu gonar ta dawo hannuna, da gawo bakwai a ciki, ga sabara da kalgo birjik. Na ce inuwa ce ke danne gero. Na sayar wa masu gawayi biyar, na sa aka tone sabarar har saiwa. Kawuna ya zo ya tsaya a bakin gona ya ce, "Ɗana, ka tuɓe mata riga." Na yi masa dariya a zuci. Ruwan farko ya sauka muka shuka, kwana biyar iska ta taso ta binne tsiron da yashi, wanda bai binnu ba ta ƙone shi. Sau uku na sake shuka a damina ɗaya, iri ya ƙare sai da na ci bashi. Da kaka, gindin gawo biyun da suka tsira ne kaɗai ya ba ni zangarniyar kirki.

Sai daga baya na lura da abin da ke gabana tun ina yaro. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Da rani yake yin kore, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna bar maka taki kyauta. Sabara kuwa ita ke tare yashi da karmamin da iska ke kwasa. Kai da ka sare su ka koma kana kukan tsadar buhun taki, wa ya ja maka?

Abin da nake yi yanzu shi ne abin da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani. Tun 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a can, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen da kake gani ba matacce ba ne, saiwarsa na can ƙasa da rai. Ina zaɓar rassa uku masu ƙarfi in bari, in datse sauran da adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Wasu na barin biyar, ni uku sun ishe ni. Sai in ɗaura jan tsumma, don matan da ke neman itace su san da mai shi.

Na biyu, wuta. Ka tara kara da ganye ka cinna musu ashana, wai toka taki ce. Rabin tokar iska ke tafiya da ita kafin ruwa ya zo. Da ka bar karan a kwance, gara ta ja shi ƙasa ta huda maka ramukan da ruwa zai bi. Masu ƙona daji don kama gafiya ɗaya kuwa, Allah ya shirye ku.

Sauran a taƙaice. Kada ka dasa turare a bakin fadama ko kusa da rijiya, shan ruwansa ya wuce misali. Kada ka dasa itace a ƙarshen damina babu shinge, ka yi wa awaki liyafa ne. Cire ledar kafin ka sa dashen a rami, na sha tono matattu da ledarsu a jiki. Mujiya da kuke jifa wai tsuntsuwar mayu ce, ita ke rage muku ɓeraye a rumbu. Kuma jarkar maganin feshi ba a wanke ta a kududdufi, ruwan da shanu ke sha ke nan, can kuma kwaɗi ke ƙyanƙyasa.