Kiwon gyare a gida don ciyar da tsakar ado da 'yan zabbi

Gyaren da aka kamo a gona ba abin dogaro ba ne, domin gubar feshin da ke jikinsa tana wucewa ga duk abin da ya ci shi. Mai tsakar ado irin mai zanen damisa, da mai rainon 'yan zabbi, gara kowa ya kiwata nasa.

A samo roba mai zurfi, kamar mai cin lita 60, a yanke tsakiyar murfin a liƙa ragar ƙarfe, don gyare yana tauna ta leda ya fice. Kada a zuba ƙasa a ciki. Kiret ɗin ƙwai na kwali za a jera a tsaye, su sami maɓoya. In babu maɓoya cin junansu suke yi. Manya 50 sun isa farawa, mata su rinjayi maza. Mace ce mai dogon tsinke a baya, namiji ne mai kuka da dare.

Ruwa ne ya fi kashe su. Ko a marfin kwalba nutsewa suke yi, don haka soso ko auduga za a jiƙa, a riƙa wankewa. Abincinsu dusar 'yan kaji, da ɗan kabewa ko ganyen zogale, a kwashe ragowar kafin ta yi funfuna. Cikin robar ya zauna a bushe, a tsince gawarwaki kullum.

Wuri ɗaya kawai ake son danshi: ƙaramar roba mai yashi zurfin santimita 5, inda mata za su soka ƙwai. A fara gasa yashin a kasko ya huce, sannan a yayyafa masa ruwa. In aka dunƙula ya kama jiki bai ɗiga ba, ya yi. Bayan kwana 4 ko 5 a mayar da ƙaramar robar cikin wata roba daban, don manya suna tono ƙwan su cinye. A zafin digiri 30 ƙyanƙyasa na ɗaukar kwana 10 zuwa 14, girma kuma mako 6 zuwa 8.

Yanayin Kebbi yana buƙatar lura. A Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma gyaren da ke cikin robar da aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano yakan mutu ƙurmus. Ɗakin ƙasa mai iska ya fi. Da hunturu kuwa yashin ke bushewa ƙwai su lalace, sai an duba safe da yamma. A tsoma ƙafafun teburin da aka ɗora robar a kai cikin gwangwanin ruwa saboda cinnaka, kuma fiya-fiya da maganin sauro kada su kusanci ɗakin.

Kwana ɗaya kafin a ba tsaka, a ƙosar da gyaren da ganye da karas, sannan a barbaɗa masa garin kalsiyam, don rashinsa ke lanƙwasa mata ƙashi. Girman gyaren kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta, kuma wanda ba ta ci ba a cire shi, yakan cije ta in tana barci.