Yadda ake kama giwan ruwa da fatsa a tafkin Kainji

Giwan ruwa maharbi ne, ba ya kula tana ko dusa. Kifi mai rai yake so, don haka aikin farko shi ne samo ƙananan karfasa masu tsawon tafin hannu. Ƙaramar ƙugiya da tana sun isa a kama su a bakin ciyawa. A zuba su a bokiti, a riƙa sauya ruwan, domin karfasar da ta galabaita ba ta jan hankalinsa.

Sai wuri. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsohon garin Bussa, kuma a gindin waɗannan itatuwa da duwatsu giwan ruwa yake laɓewa, musamman inda ƙasa ta gangara zuwa zurfi. A fita da asuba ko dab da magariba. A tsayar da kwale-kwale kamar mita 15 daga wurin, a daina buga filafili.

Zare ya kasance mai ɗaukar kilo 25 zuwa 30, ƙugiya lamba 6/0. A bakin zaren a ƙara mita ɗaya na wani mai kaurin milimita ɗaya. Nan mutane ke sakaci, alhali murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi kamar zarto, yana juyawa zai datse siririn zare.

A soka ƙugiya a bayan karfasa, ƙasa kaɗan da ƙayarta, kada a taɓa ƙashin baya, in ba haka ba nan take za ta mutu. A ɗaura 'yar dalma da abin da zai yi iyo a sama, yadda karfasar za ta tsaya mita biyu zuwa uku a cikin ruwa.

Idan ya ɗauka, kada a fizga nan da nan. A bari zare ya miƙe tukuna, sannan a ja da ƙarfi. Zai nufi cikin itace, a karkato shi tun da wuri. In ya yi tsalle yana girgiza kai, zare kada ya saki, a nan ƙugiya ke fita. Mai ja da hannu ya sa safar hannu, kuma kada ya naɗa zare a yatsa.

Sai ya gaji ya kwanta a gefe za a ɗago shi, a riƙe leɓensa na ƙasa, a kiyayi kunnen da ƙayoyin bayansa.