Abin da Mutanen Ingila Ke Nufi da Kalmar "Thoughtful"

Duk wanda ya sauka a Ingila domin karatu ko aiki, ba zai daɗe ba zai ji an ce masa "that's very thoughtful of you" bayan ya yi wani ɗan abin da a ganinsa bai taka kara ya karya ba. Kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Idan aka siffanta fuskar mutum da ita, ana nufin ya yi zurfi cikin tunani, idan kuma malamin jami'a ya rubuta ta a gefen aikinku, yabo ne cewa kun auna batun sosai kafin ku ɗora alƙalami. Amma a mu'amalar yau da kullum, ma'anar da ta fi yawa ita ce lura da halin da wani yake ciki har a yi masa abin da yake buƙata tun bai buɗe baki ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hali, domin da kara da sanin ya kamata aka rene mu. Inda sababbin zuwa ke tuntuɓe shi ne hanyar nuna shi. A gida, kai ziyara ba tare da sanarwa ba zumunci ne. A can kuwa, wanda ya aika saƙo ya tambayi lokacin da ya dace shi ake gani ya kula da mai gida. Haka nan idan kuka gayyaci abokin aiki cin abinci, tambayarsa ko yana cin nama, ko gyaɗa tana tayar masa da ciwo, ta fi cika masa faranti daraja a idonsa. A gidan haya da ake tarayya a ɗakin girki, wanke tukunya nan take da rage murya a waya cikin dare suna daga cikin abubuwan da ake auna mutum da su, kuma dokar hayaniya ta 1996 ta ɗauki ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin lokacin da maƙwabci zai iya kai ƙara. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, za ku ga mata masu juna biyu sanye da ɗan baji a ƙirji, kuma abin da ake tsammani shi ne a tashi a ba su kujera.

Ina ba ku shawara ku riƙa amfani da kalmar da kanku, domin tana da tasiri fiye da godiya ta fatar baki. Idan shugabar sashenku ta matsar da taro saboda sallar Juma'a, ko abokin aiki ya tuna kuna azumi ya ajiye muku abincin buɗa baki, ku gaya musu cewa abin da suka yi "thoughtful" ne. Kishiyarta, "thoughtless", zargi ne na rashin kula da mutane, saboda haka kada ku jefa wa abokin aiki ita a kan ƙaramin kuskure.