Kurakuran masu haɗa hoton HDR, daga bakin wanda ya sha wuya

Kusan kowane mako sai wani yaro ya turo mini hoto ta WhatsApp yana cewa, "Yaya, duba HDR ɗin da na haɗa." In buɗe, in tarar da ɓarnar da wani ya turo makon jiya. Na gaji da amsa wa kowa shi kaɗai.

Tsaya cikin zaure a unguwar Birni ta Damagaram da tsakar rana ka kalli ƙofa. Idonka na ganin ciki da waje, amma kyamara sai ta zaɓi ɗaya: ko zaure ya yi baƙi ƙirin, ko waje ya yi fari fat. Shi ya sa ake ɗaukar hoto uku, mai duhu a -2, na daidai a 0, mai haske a +2, sannan a haɗa su su zama hoto ɗaya cikin manhajar gyaran hoto, Lightroom ko Photomatix; wannan shi ake kira HDR.

Kuskuren da ya fi ƙona ni shi ne barin kyamara ta yi wa kanta zaɓi. Wani Alhaji ya kira ni in ɗauki zauren gidan kakansa, mai zanen ado a bango, kafin magina su rushe shi. Na bar kyamara a kan P, saitin da take yi wa kanta zaɓi. Ashe a kowane hoto tana sauya buɗewar ido, wato girman ƙofar da haske ke shiga, nan f/4, can f/16, ga ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, na hawa da sauka yadda ya ga dama. Buɗewar ido kuwa ita ke yanke iyakar abin da zai fito tas, saboda haka hotunan suka saɓa wa juna. Da na haɗa su, zanen ya dagule kamar an shafa shi da hannun riga. Na koma bayan kwana uku, na tarar da tulin ƙasa. Kuɗi na mayar, amma har yau in na hango Alhajin a Kasuwar Dole sai in sake hanya. Tun daga nan M nake sawa, saitin da ni ke zaɓar komai da hannu, f/8, ISO 100, in saita gilashi da hannu, in kafe launin haske wuri ɗaya. Saurin ƙiftawa kaɗai ke sauyawa. Wasu na aiki da Av, inda kai ke kafe buɗewar ido kyamara ta zaɓi saurin ƙiftawa, ba laifi, ni dai maciji ya sare ni.

Na biyu, kuma a nan ne raina ke ɓaci: cika gishiri wurin gyara. Ƙannena, wa ya ce muku a kashe inuwa duka? Kuna jan haske da kaifi har ƙarshe, sai bangon ƙasa na Fadar Sarkin Damagaram ya koma kamar ƙarfe mai tsatsa, wani farin zobe ya kewaye hasumiyar masallaci, sama ta yi datti. Duwatsun garin nan inuwarsu ce ke nuna nauyinsu. Ni in na gama haɗawa sai in ajiye hoton ya kwana, da safe in jera shi da hoton 0. In ya fi kama da fenti, in rage rabi.

Sauran ƙanana ne. Ka ɗora kyamara kan mariƙinta mai ƙafa uku, ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza kyamara. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, domin JPEG, matsattsen hoton da aka saba, ya riga ya zubar da abin da kake nema. Da hunturu ka share gilashi, HDR na fito da kowane ɗigon ƙura; kuma ranar da hazo ya rufe gari haske ya daidaita, hoto ɗaya ya isa.

Hawan Sallah kuwa, kada ma ka fara. Doki ba ya tsaya maka har ƙiftawa uku, sai ka samu ingarma mai ƙafa takwas. Maɓallin Deghost na cikin manhajar, mai goge ninkin abin da ya motsa, yana gyara ganyen da iska ta kaɗa ko mutum ɗaya da ya gifta, amma mahaya masu sukuwa sun fi ƙarfinsa. Can RAW ɗaya nake ɗauka, in rage haske kaɗan don fararen rawuna kada su ƙone, in ɗaga inuwa a gida.