Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Jirgi Maras Matuƙi Mai Kyamara a Karon Farko

Kuskuren da ya fi yawa ga mai son haɗa jirgi maras matuƙi da hannunsa shi ne ya fara sayen abin da ya burge shi, ko inji mai ƙarfi ko batir mai girma, sannan daga baya ya koma neman abin da zai dace da shi. Kayan wannan jirgi a ɗaure suke da juna kamar sarƙa: nauyin kyamara ne yake yanke girman firam, wato ƙashin jirgin, firam ya yanke tsawon farfela, farfela ta yanke irin injin da zai juya ta, inji kuma ya yanke yawan wutar da za a nema a wajen batir. Wanda ya bi wannan jeri daga kyamara zuwa batir ba zai tara kayan da ba su jituwa ba. Bayanin nan ya shafi jirgi mai farfela huɗu, domin shi ne mafi sauƙin haɗawa da gyarawa.

Mataki na farko shi ne ka yanke irin hoton da kake so, domin hanyar ta rabu biyu tun daga nan. Akwai jirgin da yake tafiya a hankali, ya tsaya cak a sama, ya ɗauki gona ko gini ko taro cikin natsuwa, kuma irin wannan yana buƙatar gimbal, wato mariƙin kyamara mai ƙananan injina da ke daidaita ta duk yadda jirgin ya karkata. Akwai kuma ƙaramin jirgi mai gudu, mai farfela inci 5, wanda ake tuƙawa da tabarau na musamman, ana ɗaure masa kyamara kai tsaye a jiki, daga baya a gyara rawar hoton da manhaja irin Gyroflow. A ganina, wanda bai taɓa tuƙi ba kuma hoto ne burinsa, gara ya ɗauki hanya ta farko, domin babban jirgi yana da wurin aiki a yalwace, kuma yana ba matuƙi damar tunani kafin ya taɓa rimot. Idan ka yanke wannan, sai ka nemi sikeli mai auna giram, ka ɗora kyamarar da gimbal ɗinta, ka rubuta abin da ka gani. Ƙaramar kyamara irin GoPro tana kai kimanin giram 150, gimbal ɗinta kuma ta kan kusanci giram 200.

Mataki na biyu shi ne firam, wato ƙashin jirgin. Ana auna girmansa da milimita, daga tsakiyar inji ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa ta kusurwa. Firam mai milimita 450 yana ɗaukar farfela inci 9 zuwa 10, kuma ya wadatar da nauyin da muka ambata. Na roba mai ƙarfi ya ishi mai koyo, musamman wanda ake iya kwance hannu ɗaya a sauya idan ya karye, domin zai karye. Na zaren kabon ya fi ƙarfi da rashin nauyi, sai dai yana ɗaukar wutar lantarki kamar ƙarfe, kuma yana tare saƙon rediyo, don haka tsirarar waya ba ta taɓa shi, eriya kuma ba a ɓoye ta a cikinsa. Ka tabbata yana da ƙafafu masu tsayin da gimbal ba za ta taɓa ƙasa ba.

Mataki na uku shi ne lissafin nauyi, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Ka ɗauki takarda ka jera kiyasin nauyin kowane abu kafin ka sayi inji ko ɗaya. A misali, kyamara da gimbal giram 350, firam 280, injina huɗu 220, na'urorin daidaita gudunsu 100, farfeloli 40, allon sarrafa tashi da GPS da kayan rediyo 110, batir 400. Jimilla giram 1,500 ke nan. Ƙa'idar da masu haɗawa suke bi ita ce ƙarfin ɗagawa na injinan huɗu gaba ɗaya ya ninka nauyin jirgin sau biyu aƙalla, domin jirgin ya iya tsayawa a sama da kusan rabin ƙarfinsa, sauran rabin ya zama ajiya don fama da iska da tsayar da shi idan yana saukowa da sauri. Jirgi mai giram 1,500 yana neman ɗagawar giram 3,000, wato kowane inji ya iya ɗaga 750. Wannan lamba ita za ka riƙe a hannu ka je neman inji.

A jikin kowane inji akwai lambobi iri biyu. Ta farko, kamar 2212, tana nuna girman ɓangaren da aka naɗe da wayar jan ƙarfe: faɗinsa milimita 22, tsayinsa 12. Ta biyu ita ce KV, wato yawan juyin da injin yake yi a minti ɗaya kan kowane folt idan babu farfela a kansa. Inji mai 920KV da aka ba folt 11.1 yana juyawa kusan sau 10,200 a minti. Mutane da yawa suna zaton babbar lambar KV ita ce babban ƙarfi, alhali ba haka ba ne. Inji mai ƙaramar KV yana juya doguwar farfela a hankali ba tare da shan wuta sosai ba, mai babbar KV kuma na gajeriyar farfela ne mai gudu. Idan aka ɗora farfela inci 10 a kan inji mai 2400KV, zai yi zafi har ya ƙone. Farfela ma tana da lambarta: 1045 na nufin tsawonta inci 10, karkatar fiffikenta kuma inci 4.5. Biyu daga cikin huɗun suna juyawa dama, biyu hagu, saboda haka bibbiyu ake sayensu, kuma a sayi fiye da abin da ake buƙata.

Kada ka amince da inji sai ka ga jadawalin gwajin da kamfanin ya fitar, inda ake nuna cewa da farfela kaza da batir kaza yana ɗaga giram kaza, yana shan amfiya kaza, wato ma'aunin yawan wutar da yake ja. Injin 2212 mai 920KV da farfela 1045 a kan batir mai ƙwaya uku, wato ƙananan batura uku da aka haɗa a cikinsa, ya kan ɗaga kusan giram 800, wanda ya haura 750 ɗin da muke nema da kaɗan kawai. Wannan ya nuna cewa jirgin misalinmu yana bakin iyaka, kuma duk abin da za a ƙara masa nan gaba, ko babbar kyamara ko batir mafi nauyi, sai an koma kan lissafin daga farko. Injin da ba shi da jadawali kuwa, a bar shi inda aka gan shi, ko da araharsa ta ja hankali.

Daga wannan jadawalin ne kuma mataki na huɗu yake fitowa, wato zaɓen ESC, na'urar da ke karɓar umarni ta ƙara wa inji gudu ko ta rage. Ka duba amfiya mafi yawa da injin yake sha, ka ɗauki ESC da ta fi wannan da aƙalla kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Injin da ke shan amfiya 15 yana son ESC mai 20, mai 30 kuma ta fi ba da kwanciyar hankali. Ana samun huɗu a haɗe a allo ɗaya, ana kuma samun su ɗai-ɗai. Haɗaɗɗiyar ta fi tsabtar aiki, amma idan ɓangare ɗaya ya ƙone duka za a sauya. Ka kuma duba cewa tana ɗaukar yawan ƙwayoyin batir ɗin da za ka yi amfani da shi.

Mataki na biyar shi ne allon sarrafa tashi, wanda shi ne ƙwaƙwalwar jirgin. A nan manhajar ake fara zaɓa, sannan a nemi allon da take gudana a kansa. Betaflight ta shahara wajen jirage masu gudu da juye-juye. INAV da ArduPilot su ne suka fi dacewa da ɗaukar hoto, domin suna iya tsayar da jirgi wuri ɗaya da taimakon GPS, su riƙe masa tsayi, su kuma dawo da shi inda ya tashi idan saƙon rimot ya yanke. INAV ta fi sauƙin saitawa, ArduPilot kuma, wadda ake yawan ɗorawa a allunan Pixhawk, ta fi zurfi da yawan saiti, kuma tana cin lokaci kafin a saba da ita. Ko wacce ka zaɓa, allon ya kasance yana da ma'aunin matsin iska don sanin tsayi, kuma yana da isassun mahaɗai da ake kira UART, domin mai karɓar saƙon rimot zai ci ɗaya, GPS ɗaya, na'urar aika bidiyo ma ta kan nemi nata. Ramukan ɗaure allon suna zuwa da tazarar milimita 30.5 ko 20, sai a duba wanda firam ɗin yake karɓa. GPS ɗin kuma a sayi mai kamfas a haɗe, wato na'urar nuna inda arewa take, tare da 'yar sandar da za ta ɗaga shi sama, nesa da manyan wayoyin batir, domin wutar da ke bi ta cikinsu tana haifar da maganaɗisun da ke ruɗa kamfas. Jirgin da kamfas ɗinsa ya ruɗe, maimakon ya tsaya wuri ɗaya, sai ka ga yana kewaye yana faɗaɗa da'ira, kamar ruwan da ke juyawa a bakin magudana.

Rediyo ba ya buƙatar dogon bayani. Rimot da mai karɓar saƙo dole su kasance masu tsari ɗaya da zango ɗaya, kuma tsarin ExpressLRS a kan 2.4GHz ya wadatar ƙwarai. Bidiyon da ke saukowa ga matuƙi ya kan bi 5.8GHz domin kada su yi karo. Abu ɗaya da ba a mantawa shi ne ba a kunna na'urar aika bidiyo babu eriya a jikinta, domin tana iya ƙonewa cikin ɗan lokaci.

Batir shi ne na ƙarshe, duk da cewa shi mutane suka fi ɗokin saya. Irin da ake amfani da shi shi ne LiPo, wanda kowace ƙwayarsa ke da folt 3.7, ta kai 4.2 idan ta cika. Mai ƙwaya uku, da ake rubuta wa 3S, yana ba da 11.1, mai huɗu kuma 14.8. Lambar mAh tana nuna yawan wutar da yake ɗauke da ita, lambar C kuma tana nuna saurin da zai iya sakinta: batir mai 5000mAh da 20C yana iya ba da amfiya 100 a rubuce, injinanmu huɗu kuwa 60 suke nema idan an taka su duka. Na ce a rubuce, domin kamfanoni sukan cika baki a wannan lamba, don haka a bar rata mai yawa. Lokacin tashi ma ana iya kiyasta shi. Ba a shanye batir fiye da kashi 80 cikin ɗari, wato 4000mAh a misalinmu, kuma idan jirgin yana shan amfiya 20 a tsaye, zai yi kimanin minti 12 a sama. Wanda ya ga wannan ya raina, ya ce bari ya ninka batir, sai ya tuna cewa ya ninka nauyinsa ma, injinan za su ƙara shan wuta, kuma garin neman ƙiba ana iya samo rama. Batura biyu matsakaita da za a riƙa musanyawa sun fi ƙato ɗaya amfani. Caja kuma dole ta zama mai daidaita ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba a barin LiPo a caji babu kowa a wurin, ba a amfani da wanda ya kumbura, idan kuma za a ajiye shi kwanaki, a bar kowace ƙwaya a kusan folt 3.8.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa fitowa a hoton jirgi amma sukan tsayar da aiki: filogin haɗa batir irin XT60 da ya dace da na batirinka, kafasita da ake liƙawa inda wutar batir take shiga domin rage hayaniyar wuta, dalma mai kyau, mitar gwajin wuta, da robobin da ke shanye girgiza a ƙarƙashin allo da gimbal. Tsawon sukuran ɗaure inji ma abin dubawa ne. Na taɓa ɗaure inji da sukurun da ya fi ƙima da milimita biyu kacal, bakinsa ya shige ya taɓa naɗin jan ƙarfen, ban gane ba sai da injin ya yi zafin da ba a iya riƙe shi bayan 'yan daƙiƙoƙi, sai warin ƙuna. Tun daga ranar, ina haska fitila ta ƙasan kowane inji in ga tazarar da idona kafin in ɗaure sosai.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka duba dokar ƙasar da za ka tashi jirgin. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista, namu kuwa ya ninka wannan sau shida. Iyakar tsayi a Tarayyar Turai mita 120 ce, a Amurka ƙafa 400, kuma galibi ana shar'anta cewa matuƙi ya riƙa ganin jirginsa da ido. Ƙarfin na'urar aika bidiyo ma yana da iyaka a wurare da yawa.

Idan kayan suka iso, ka ɗora kowanne a sikeli ka gwada da abin da ka rubuta a takarda, domin wayoyi da sukurai da maɗaurai sukan ƙara giram ɗari ba a ankara ba. Bayan ka gama liƙi, ka gwada da mitar gwajin wuta ka tabbata jar waya da baƙa ba su haɗe ba kafin batir ya taɓa jirgin. Duk gwajin da za a yi a kan tebur, a yi shi farfeloli a cire, har da gwajin kashe rimot a ga ko injinan sun bi umarnin da aka saita. Tashin farko kuma a yi shi a fili babu mutane, a bar kyamara da gimbal a ƙasa, a ɗaura wani abu mai nauyinsu a madadinsu.