Yadda za ki zaɓi zoben maciji na azurfa irin na Huichol

In za ki sayi zobe ko awarwaro mai siffar maciji irin na mutanen Huichol na ƙasar Meziko, fara juya shi ki nemo tambarin 925 a ciki, wato kashi 92.5 azurfa ce, sauran galibi tagulla. Sai ki ƙura wa zanen jikin macijin ido, aikin hannu ba ya fitowa cif-cif kamar na inji.

A wurinsu maciji na da alaƙa da ruwan sama, abin girmamawa ne, don haka don Allah ki tambaya wa ya ƙera shi, kuɗin ya kai hannun mai aikin.

In akwai ƙananan duwatsu manne da kakin zuma kar ki bari rana ta dake shi, kakin zai yi laushi su zube. Ki nesanta shi da turare, in azurfar ta yi baƙi ki goge da tattausan ƙyalle.